Ƙafafun Iya a Shekarar Jar Dawa

Ni dai ban taɓa ganin mace mai tafiya irin ta kakata ba, kuma na ga mata. Uwar babana ce, Iya muke ce mata, mu da 'yan unguwa duka. Doguwa ce siririya, tafin ƙafarta duk faso. In ta ce za ta Kance gaida 'yarta da ke aure can, ba ta jiran mota, ba ta neman jaki. Ta idar da sallar asuba ta ɗora ɗan ƙunshinta ta kama hanya, kafin rana ta faɗi ga ta ta dawo tana yi mana faɗan ba mu share mata ɗaki ba. Yara ba sa son a haɗa su aike da ita, don sai sun yi gudu-gudu suke kamo ta.

Shekarar da nake ba ku labari soja ne ke mulki, ruwa kuma ya ƙi. Damina ta leƙo ta yi mana ɗan yayyafi ta wuce, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mazan garinmu Matameye dama sun saba tafiya cin rani, amma wannan karo ko jiran girbi ba su yi ba, tunda babu abin girbewa. Babana ya tafi Kano sayar da ruwa, mijina ya bi shi. Ni kuwa na zo gida wankan haihuwar fari, sai zaman ya zarce, don gidan mijina ma tukunya ba ta hawa wuta kullum. Muka rage ni da jaririyata, da Inna mahaifiyata, da ƙannena biyu, da Iya. Babban namiji guda da ya rage mana shi ne Baffa, ƙanin babana, katanga ce tsakaninmu da shi.

Mun ci anza, 'ya'yan itacen dajin nan, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Mun ci ganyen jiga, mun ci dusa. Daga baya aka fara kawo jar dawa ta taimako a kamiyo, babbar motar kaya, ana sauke ta a mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, a raba gida-gida. Soja ne ke tsare layi, kuma wallahi layin yakan miƙe sambal, don ba wanda ke son a kalle shi sau biyu. Iya ce ke zuwa karɓar rabon gidanmu. Ta ce mu masu goyo da masu girki mu zauna, ita ba abin da ƙafarta take yi.

A nan ta faɗi. Ran nan kamiyo ya makara, mutane sun sha rana, da aka ji ƙugin mota sai bayan layi ya turo gaba. Iya ta tafi tim da ƙasa. Ɗankwalinta ya fice, furfurarta a waje, zanenta ya kwance a gaban maza. Wani soja, yaro ƙarami da bai wuce sa'an jikanta ba, ya ratsa mutane ya sungume ta kamar jinjira, ya kawo ta har zaurenmu. Shi alheri ya yi, Allah ya saka masa. Amma duk garin sun ga an ɗauko Iya a hannu.

Baffa ya kira mai ɗori. Ya matsa nan, ya murɗa can, ya ce babu karaya babu targaɗe, buguwa ce a ƙugu, a gasa da ruwan zafi. Aka gasa, kumburi ya saɓe. Iya kuwa ta zauna a tabarma, zaman da ba ta sake tashi ba sai ta kama dole.

Mu kuma me muka yi? Muka yi abin da aka koya mana. Ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, sai ka ji an ce: "Zauna Iya, bari a kawo miki." Ta yunƙura za ta kori kaza, "Zauna Iya." Inna ta durƙusa ta ajiye mata abinci, ƙannena su kai mata ruwan alwala har bakin tabarma, maƙwabta su shigo su ce sannu, kada ki motsa, ai kin yi naki. Kowa na neman lada a kanta. Wata ya mutu, wani ya tsaya, matar da take zuwa Kance ta dawo a yini ta koma ba ta zuwa bayan gida sai da bin bango.

Ana haka saƙon babana ya zo a bakin wani da ya dawo. Ya ce ya sami ɗaki, a kwaso iyali a zo, kada yara su mutu yana raye. To, lokacin iyaka a rufe take. Mota ba ta wucewa, jandarma na tsare ɓangarenmu, ma'aikatan can na tsare nasu. Mai son ƙetarawa sai ya bi ta daji da ƙafa, ya kauce wa Ɗan Barto, garin bakin iyaka, in ya shiga ƙasar can ya nemi mota. Jakinmu tuni an sayar an ci. Wanda zai tafi, da ƙafarsa zai tafi.

Baffa ya shigo da hantsi, ya cire takalmi, ya tsuguna nesa da tabarmar.

"Iya, kin ji saƙon Yaya. Za ki iya tafiyar nan kuwa?"

"Ikon Allah ne," in ji ta.

"To rijiya fa, kina jin za ki iya zuwa ki dawo?"

"Sai abin da Allah ya yi."

"Bakin zaure fa?"

"Allah shi ne masani, ɗan nan."

Yo ina tsohuwar da za ta buɗe baki ta ce zan iya? Ko lokacin da take taka ƙasa kamar ta tsaga ta, ka tambaye ta, amsar ke nan. Tsoron baki suke yi, kuma suna ganin rashin ladabi ne ga Mai Sama. Amma Baffa ya ɗauki amsar a matsayin a'a. Ya sunkuyar da kai ya ce to, tunda haka ne, ba a barin wadda ba ta iya zuwa rijiya ita kaɗai a gida. Zai nemi amalanke a kai ta Kance, ta zauna wurin 'yarta har Allah ya kawo sauƙi.

Wurin 'yarta, wato gidan surukinta. Mutumin da tunda ya auri goggona Iya ba ta taɓa shan ruwa a gabansa ba, in ta je gaisuwa ma a gidan maƙwabta take cin abinci. Yanzu a cikin yunwa a kai ta ta zauna, yana auno hatsi yana lissafa bakinta a ciki. Na dubi fuskarta. Carbinta ya tsaya cak a hannunta.

Washegari Inna ta kira ni tun ba a yi shara ba. Ni 'yar fari ce, ba ta kama sunana, kuma ba ta cika doguwar magana da ni ba. Ta ce: "Ke, zo ki gani." Ta nuna mini ƙasa. Tsakar gidanmu rairayi ce, da yamma ake share ta, duk wanda ya taka da asuba sawunsa na nan. Ga na Iya, daga ƙofar ɗakinta ya bi gindin katanga har bayan gida. Taku ƙanana, kusa da kusa, kamar na mai tafiya a kan santsi.

"Dubi zurfinsu," in ji Inna. "Dama da hagu duk ɗaya. Mai ciwon ƙugu ɗaya takan nutse, ɗaya ta shafa. Ƙafarta lafiya lau. Tsoro ne."

Na ce to ki gaya mata mana.

Ta harare ni. "Ni? Uwar mijina? In ce mata tashi ki ɗauko butarki?" Ta juya ta ɗauki tsintsiya, tana ba ni baya ta ce: "Ke ce jika. Ke kaɗai kike da bakin da zai taɓa ta a gidan nan."

Af, ashe aiki ne aka ba ni, kuma irin wanda na iya. Tsakanin jika da kaka babu shamaki, sai wasa da tsiya, ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya hore mini baki. Ran nan da azahar na cika buta na ajiye ta can gindin turmi.

"Ke, miƙo mini butar nan."

"Hannuna da goyo, tsohuwa. Ga ta can tana kallonki."

"Ja'ira! Ni kike gaya wa haka?"

"Ke fa. In kin ga dama ki yi taimama, ga ƙasa nan kin zaune ta."

Ta zage ni tas, ta haɗa da mijina mai kunnuwa kamar faifai. Ƙanena ya zabura zai ɗauko, na daka masa tsawa ya koma. Inna na cikin madafa, ko tari ba ta yi ba. Da Iya ta ga lokaci zai fita, sai ta dafa ƙasa ta miƙe. Tsakaninta da turmin babu bango. Ta tsaya tana duban wurin kamar an ce ta ƙetare kogi. Ba zan ɓoye ba, a raina na ce in ta sake faɗuwa na shiga uku. Amma na ci gaba da jijjiga 'yata ina waƙa kamar ban gani ba. Ta je ta ɗauko, ta dawo tana haki, ta watsa mini sauran ruwan a ƙafa.

Daga ranar ban bar ta ta huta ba. Kununta in manta shi a zaure. Goronta, ɗan ɓarin da Baffa ke samo mata, in rataye shi a ƙofar ɗakin Inna. In ta tafi tana bin bango in ce a kawo farar ƙasa, Iya za ta yi mana shafe. Wata maƙwabciya ta shigo ta tarar tana jan kujera da kanta ina zaune, ta yi salati ta ce 'ya'yan yanzu ba tsoron Allah, wannan duk lakkwal ce, wato boko, ta lalata su, alhali ni shekara biyu kawai na yi a lakkwal aka cire ni. Na ce mata ta bari, tsohuwar ce ta ci mini amana, saurayina ta ƙwace. Iya ta yi dariya har da tari, dariyar farko tun faɗuwarta.

Kowace safiya ni da Inna mukan duba ƙasa kafin shara. Sawun ya fara barin gindin katanga. Ya fara yanke tsakar gida ta tsakiya. Takun ya buɗe. Amma zaure ya gagara. Ta kai bakin ƙofa, ta ji muryar maza a waje, sai ta juyo. Na gane ba ƙasar take tsoro ba yanzu, idon mutane ne. Baffa kuwa ya riga ya yi magana da mai amalanke.

Sai aka yi rasuwa a unguwar gabas. Ƙawar Iya ce tun suna 'yan mata, tare aka yi musu kitson aure. Kowa ya ce Iya tana da uzuri, Inna ta je a madadinta. Na bari sai da gida ya yi shiru, na zauna kusa da ita ina ba 'yata nono.

Na ce: "Allah sarki. Ta zo sunan babana, ta zo bikina, ta zo ganin wannan da ƙafarta. Yau ta tafi an aika mata wakili."

Wannan karo ba ta zage ni ba. Ta dubi ƙofa ta ce: "Ɗauko mini mayafina."

Muka fita, hannunta a kafaɗata, yatsunta sun nutse mini har ƙashi. Duk wanda muka gamu da shi sai ya ce: "Iya, ke ce a waje? Sannu, a hankali!" Kowace sannu sai na ji hannun ya ƙara nauyi, har na fara amsa musu da cewa lafiyarta ƙalau, ni ce ba ni da lafiya take rakawa. Da muka hango gidan makoki, tsofaffi sa'o'inta zaune a rumfa, sai na ji kafaɗata ta yi sakayau. Ta sauke hannun, ta gyara mayafi, ta wuce gabana. Haka ta shiga, ita a gaba ni a baya, kamar yadda aka saba gani.

A dawowa na nufi hanyar gida, ta ce a'a, ta nan. Ta bi da mu ta gaban mangaza. Ranar ba a rabo, filin fayau, sai soja guda a inuwa da bindigarsa a cinya. Ta je daidai inda ta faɗi ta tsaya. Ta dubi wurin, ta buga shi da tafin ƙafa, kamar mai gwada ko daɓe ya yi. Sojan ya ce: "Sannu Iya." Ta ce: "Yawwa ɗana, ya aiki?" Muka wuce.

Rabon da ya biyo baya ita ta je. Baffa na zaune a ƙofar gida ya hango ta tafe, ƙwaryar jar dawa a ka, ba ta riƙe ba, hannuwanta na lilo. Bai sake tambayarta komai ba, ya je ya ba mai amalanke haƙuri. Ni kuwa har rawa na taka a tsakar gida. Na ce tsohuwa, sai Kano, can zan sayar da ke in sayi atamfa. Ta ce a bari sai ranar kasuwar garinmu a tashi, hanya ta fi mutane, ba mai lura da masu fita. Baffa ya ce wannan dabara ce.

Muka fita bayan asuba. Baffa a gaba, ƙannena, Inna da kaya niƙi-niƙi, ni da goyo, Iya da ƙunshinta a ka. Gonaki duk sun zama fili, ko kara babu, an tsince an ba dabbobi, dabbobin ma sun ƙare. Mu muna yin kudu, 'yan ƙauye na yin arewa zuwa kasuwa, wannan da itace, wannan da tabarmi, wannan da akuya guda da ƙashin haƙarƙarinta a waje. Iya ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Har ta wuce ni ta waiwayo ta ce: "Mai bakin tsiya, ƙafar ba ta kai bakin ba?"

Da rana ta ɗaga muka isa wata rijiya a gindin gawo, inda hanyar daji ke rabuwa da babbar hanya. Muka sha ruwa. Iya ta sauke ƙunshinta ta ce in zo in ɗauka, nawa ne. Na kwance. Soyayyen garin dawa ne, da ɗan gishiri, da tsohon zanenta na saƙi da ta yanka ta yi wa 'yata majanyi. Babu tufarta ko ɗaya.

"Iya, ina kayanki?"

"Suna ɗakina, inda suka saba."

Baffa ya taso. "Iya, wace irin magana ce wannan?"

"Rakiya na yi muku. Ai ana raka matafiyi." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Kai ka ce ba a barin wadda ba ta iya zuwa rijiya. To daga gidana zuwa nan, rijiya nawa ce?"

Baffa ya ce: "In ce wa Yaya me?"

"Ka ce masa uwarsa na gidan ubansa. Irin gero na nan a tulu na liƙe bakinsa, ban bari kun ci ba, ba kuma zan bar wa ɓera ba. In ruwa ya sauka kuna Kano, wa zai zuba shi? Rabona zan karɓa da kaina, bakina guda ne. Ba ni kaɗai ce tsohuwar da ta rage a unguwa ba."

Na dubi Inna ina jiran ta sa baki, sai na ga ta durƙusa tana cewa: "Allah ya kai ki lafiya, Iya. A yafe mana." Ashe ta sani. Daga baya ta gaya mini ta ga Iya ta jiƙa sabuwar anza ana gobe tafiya, wadda ba za ta ciwu ba sai bayan kwanaki.

Ni kam haushi ne ya kama ni, haushi mai zafi, har da kuka. Duk zagin da na sha, duk sunan marar kunya da na yi a unguwa, don ta bi mu na yi. Na tashe ta, ta ɗauki ƙafar ta bar ni da ita.

Na ce: "Wallahi da na sani da na bar ki a tabarmarki!"

"Da yanzu ina Kance ina cin tuwon suruki da kaina a ƙasa," in ji ta. Ta kama haɓata ta girgiza, abin da rabonta da yi tun ina yarinya. "Kin yi aiki, ja'ira. Allah ya ba ki jikar da za ta rama mini."

Ta leƙa bayana ta tofa wa jaririyar addu'a. Wasu mata masu tabarmi sun zo wucewa, ta yi musu sallama ta shiga cikinsu. Muka tsaya muna kallo, Baffa ma bai ce mu tafi ba. Kafin su kai kwanar hanya ta zama ita ce a gaba.

Ruwa ya sauka a daminar da ta biyo, ruwa na gaske. Babana bai samu dawowa da wuri ba, sai da shuka ta yi ƙwari. Ya tarar Iya ta tara tsofaffin unguwa da yaran da suka rage, sun zuba irin a gonar bayan gari, yau tata gobe ta wata. Mu mata sai bayan girbi muka dawo. Zazzaɓin tsakiyar damina ya riga mu, ya ɗauke ta a ɗakinta, a kan gadonta, kuma maƙwabta sun ce ranar da ta kwanta ma daga gona ta dawo da ƙafarta. Tuwon gero na farko da na ci bayan yunwar nan, shukarta ne. Ita ba ta ci ba.